YADDA ASIBITI KE GANO BUKATUN JAMA'ARSA



Maganar yau a kan asibiti take, da hanyoyin da yake bi ya san abin da ke damun mutanen da aka gina shi dominsu. Mutane da yawa sun ɗauka cewa aikin asibiti shi ne ya buɗe ƙofa da safe, ya jira wanda ciwo ya koro, ya ba shi magani, ya sallame shi. Wannan aiki ne babba, amma rabin aikin ke nan. Domin kuwa waɗanda ke isa ƙofar asibiti kaɗan ne daga cikin marasa lafiya. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a shekarar 2018 ya nuna cewa cikin kowace haihuwa 100 a Nijeriya, 39 kaɗai aka yi a asibiti ko ɗakin haihuwa. Ya kuma nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa da rai, 132 ba su kai shekara biyar ba. Da yawa daga cikin yaran nan a gida suka rasu, aka yi musu sutura, ba wani littafin asibiti da ya ɗauki sunansu.

Saboda haka asibitin da ya dogara ga abin da ya gani a ɗakin duba marasa lafiya kaɗai, zai shirya wa waɗanda ke da kuɗin mota da halin zuwa, ya manta da waɗanda suka fi bukatarsa.

MAFARIN WANNAN TUNANI

A watan Satumba na 1978 Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya suka tara ƙasashe a birnin Alma-Ata, cikin Tarayyar Sobiyet ta wancan zamani. A can aka amince cewa kiwon lafiya matakin farko shi ne ginshiƙi, kuma wajibi ne jama'a su kasance da hannu wajen tsara shi. Nijeriya ta riga ta soma nata yunƙurin tun cikin Shirin Raya Ƙasa na Uku, daga 1975 zuwa 1980, inda aka tsara gina ƙananan asibitoci da ɗakunan shan magani a karkara. Sa'an nan a zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara, ya riƙe Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, daga 1985 zuwa 1992, aka zaɓi ƙananan hukumomi 52 a 1986 domin su zama abin koyi. Abin da aka fara yi a cikinsu shi ne ƙidayar gidaje da mazaunansu, da binciken cututtukan da suka fi yawa, kafin a yi maganar sayen magani. A 1988 aka fito da manufar lafiya ta ƙasa, wadda ta ɗora nauyin matakin farko a kan ƙananan hukumomi, manyan asibitoci a kan jihohi, asibitocin koyarwa da na ƙwararru kuma akasari a kan Gwamnatin Tarayya.

Amma tun kafin wannan duka, wani asibiti a ƙasar nan ya riga ya nuna hanya. A 1956 wani likitan yara ɗan Ingila, Dokta David Morley, ya zo aiki asibitin Wesley Guild da ke Ilesha. Ya lura cewa yaran da ake kawowa sukan iso ciwo ya riga ya ci ƙarfinsu. Sai aka koma wani gari mai suna Imesi-Ile, wanda yanzu ke cikin Jihar Osun, aka riƙa bin yara kimanin 400 tun daga haihuwa, ana auna nauyinsu, ana rubuta kowane ciwo da ya same su. Abin da ya bayyana shi ne cututtuka 'yan ƙalilan ne ke yin yawancin ɓarnar: zazzaɓin cizon sauro, ƙyanda, gudawa, ciwon huhu, tarin shiƙa da ƙarancin abinci mai gina jiki. An kuma ga cewa yaro yakan daina ƙara nauyi tun kafin ciwo ya kwantar da shi. Daga nan aka buɗe asibitin yara 'yan ƙasa da shekara biyar, wanda nas-nas da ungozomomi ke gudanarwa kullum, aka kuma fito da katin awon nauyi wanda uwa ke riƙewa a hannunta. Katin nan da iyaye mata suka sani a ɗakin awo, wanda ƙasashe da yawa suka ɗauka daga baya, daga wannan gari ya samo asali.

HANYA TA FARKO: LITTAFIN ASIBITI

Duk wanda ya je asibiti ya san tambayoyin da malamin kati ke yi: suna, shekaru, gari, unguwa. Wasu sukan ƙosa, su ce ciwo ya kawo su, ba ƙidaya ba. Alhali kuwa amsoshin nan su ne idon asibiti na farko. A ƙarshen kowane wata akan tattara su, a ga wace cuta ce ta fi yawa, a wane wata, ga masu waɗanne shekaru, daga wane ƙauye. In aka ga masu gudawa goma duk daga unguwa ɗaya suka fito cikin mako guda, to, ba a bukatar boka ya faɗa cewa a je a duba rijiyar unguwar. In mutum ya ba da sunan garin da ba nasa ba, ya ɓatar da sawun.

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ya ba da misali mai kyau. Daga 1976 zuwa 1979, a ƙarƙashin Farfesa Kelsey Harrison, aka rubuta bayanin haihuwa 22,774 ɗaya bayan ɗaya. Da aka yi nazari, sai aka ga mace-macen mata masu haihuwa sun taru ne a kan waɗanda ba su taɓa zuwa awon ciki ba, waɗanda aka kawo su cikin gaggawa bayan doguwar naƙuda a gida, da kuma 'yan mata ƙanana waɗanda ƙugunsu bai gama ƙosawa ba. Matan da suka yi awo kuwa, haɗarinsu ya ragu ƙwarai. Wannan ya nuna wa likitoci cewa gyaran ɗakin tiyata kaɗai ba zai wadatar ba, sai an kai awon ciki kusa da mata, an kuma yi magana da mazajensu da iyayensu.

HANYA TA BIYU: FITA CIKIN GARI

Abin da littafi bai ɗauka ba, sai ƙafa ta je ta ɗauko. Wannan shi ne dalilin da ya sa ma'aikatan lafiya ke shiga gida-gida da tambayoyi: mutum nawa ne a gidan, yara nawa aka yi wa rigakafi, daga ina ake ɗebo ruwa, akwai masai ko babu, wa ya rasu cikin shekarar da ta wuce, kuma da wane irin ciwo. Sukan kuma ɗaura wa yaro ɗan tsiri mai launi uku a damtse. In awon ya faɗa kan ja, watau ƙasa da santimita 11.5, yaron yana cikin tamowa mai tsanani, ko da kuwa yana tafiya da ƙafarsa. Tun 1963 Jami'ar Ibadan ta kafa shiri a ƙasar Ibarapa, mai cibiya a Igbo-Ora, inda ɗaliban likita ke zuwa su zauna cikin jama'a su koyi irin wannan aiki.

Labarin kurkunu ya isa shaida. Kurkunu ciwo ne da ba ya yawan kai mutum asibiti, domin ba shi da allura, ba shi da ƙwayar magani, kuma a ƙauyukan da ke nesa da hanya yake. Saboda haka lissafin asibitoci ya daɗe yana nuna kamar ba shi da yawa. Da aka bi ƙasar ƙauye-ƙauye a 1988 da 1989, sai aka sami fiye da mutum 650,000 ɗauke da shi, a ƙauyuka kusan 6,000. Da yake tsutsar takan fito kimanin shekara guda bayan an sha ruwan da ya gurɓata, kuma sau da yawa a lokacin aikin gona, ɓarnarta har cikin rumbu take kaiwa. Da aka san ƙauyukan, sai aka raba ƙyallen tace ruwa, aka haƙa rijiyoyin burtsatse, aka zuba magani a kududdufai, aka kuma naɗa mutum a kowane ƙauye yana kai rahoto wata-wata. Cibiyar Carter ta Amurka ta taimaka, tsohon shugaban ƙasa Janar Yakubu Gowon kuma ya yi ta zagaya ƙauyuka da kansa. An ga mai kurkunu na ƙarshe a Jihar Inugu a watan Nuwamba na 2008, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Nijeriya ta rabu da shi.

HANYA TA UKU: RAHOTON MUTANEN GARI

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Dagaci, mai unguwa, liman, ungozomar gargajiya, wanzami, mai sayar da magani a kanti da malamin makaranta duk sukan riga likita jin labarin ciwo. A kowace ƙaramar hukuma daga cikin 774 da ke ƙasar nan akwai jami'in da aikinsa shi ne karɓar rahoton cututtuka masu yaɗuwa, ya aika sama zuwa jiha, har ya kai ga Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa da ke Abuja. Amma jami'in nan ba zai aika abin da ba a gaya masa ba.

A watan Disamba na 1966 agana ta ɓulla a lardin Ogoja, ga shi kuma maganin lamba bai isa a yi wa kowa ba. Dokta William Foege, wanda ke aiki a wurin, ya nemi 'yan mishan da ke da rediyon aika saƙo su tura manzanni ƙauyuka su tambayo inda masu ciwon suke. Da labari ya dawo, aka yi wa mutanen ƙauyukan lamba, da na wuraren da suke zuwa cin kasuwa ko ziyarar dangi. Annobar ta tsaya tun ba a yi wa rabin jama'a lamba ba. Wannan dabara ta nemo ciwo a kewaye shi ita ce aka bi a sauran ƙasashe. Nijeriya ta ga mai agana na ƙarshe a 1970, a 1980 kuma aka yi shelar cewa cutar ta ƙare a duniya.

Akwai kuma misalin da ya kamata kowa ya riƙe, domin ya nuna tsadar jinkiri. A farkon 2010 yara suka riƙa mutuwa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara. Yaro zai yi amai, ya shiga jijjiga, ya sume. An zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, amma magungunansu ba su yi aiki ba. A watan Maris ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF suka lura da lamarin, aka ɗebi jini aka aika gwaji, sai ga shi gubar dalma ce. Dutsen da ake haƙowa domin neman zinariya yana ɗauke da dalma mai yawa, kuma a cikin gidaje ake daka shi, ana niƙa shi, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. Da aka bi gida-gida a ƙauyuka biyu, aka tarar yaro ɗaya cikin huɗu na 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu cikin shekara guda. Jimillar yaran da suka rasu ta kai 400 ko fiye. Maganin da ke fitar da dalma daga jini yana nan, amma ba shi da amfani in yaro zai koma cikin ƙurar. Dole sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, aka fitar da niƙan dutse daga cikin gari, sa'an nan magani ya yi tasiri. Ƙauyen Bagega sai a 2013 aka share shi. Darasin shi ne, in yara uku ko huɗu suka rasu a gari ɗaya da ciwo iri ɗaya cikin 'yan kwanaki, wajibi ne labari ya isa asibiti a ranar.

BUKATA TA BAMBANTA DAGA WURI ZUWA WURI

Nijeriya ƙasa ce mai faɗi, abin da ke damun wani yanki ba lalle ne ya dami wani ba. A Kaltungo ta Jihar Gombe, sarar maciji ce, musamman kububuwa, ke cika gadaje a lokacin shuka da girbi, shi ya sa aka keɓe wurin jinyar sarar maciji a can, aka kuma haɗa kai da masana na ƙasashen waje aka samar da maganin dafi da ya dace da macizan ƙasar nan. A Irrua ta Jihar Edo, zazzaɓin Lassa ne ya sa asibitin koyarwa na garin ya kafa cibiyar gwaji da jinyar cutar. A Sakkwato an buɗe asibitin yara a 1999 domin ciwon nan da ke cinye kumatu da leɓɓa, wanda likitoci ke kira noma. A Babbar Ruga ta Katsina, asibitin da aka sani da jinyar kuturta ya soma ɗinkin yoyon fitsari a shekarun 1980, domin matan da ke fama da shi sun yi yawa, har ya zama cibiya ta ƙasa. A jihohin Arewa, sanƙarau da zafin bazara yake zuwa. Annobar 1996 ta kama fiye da mutum 100,000, ta kashe fiye da 11,000, abin da ya sa asibitocin yankin ke shiri tun kafin hunturu ya ƙare. A birane kuma hawan jini da ciwon sukari da haɗarin mota suna neman nasu gurbin.

YADDA AKE ZAƁEN ABIN DA ZA A FARA

Bayan an tattara bayani, bukatu kan fi kuɗi da ma'aikata yawa. Saboda haka akan auna kowace matsala da tambayoyi huɗu. Mutum nawa take shafa? Yaya tsananinta, tana kisa ko tana nakasawa? Akwai maganinta ko rigakafinta a farashin da za a iya? Sa'an nan, yaya jama'a da kansu suka ɗauke ta?

Tambaya ta huɗu ita ce aka fi mantawa da ita. A ce ma'aikata sun zo da shirin rigakafi, mutanen gari kuwa abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya shi ne rijiyarsu ta ƙafe, kuma ɗakin haihuwa ba ungozoma da dare. In aka yi watsi da kokensu, su ma za su yi watsi da kiran asibiti. Domin haka ne aka kafa kwamitin ci gaban mazaɓa, inda wakilan sarauta, malaman addini, mata, matasa da ma'aikatan lafiya ke zama tare. Kwamitin yana da ikon ya ga lissafin wata-wata na asibitinsa, ya tambayi dalilin da ya sa magani ya yanke, ya kuma faɗi ranar da ta dace da awo, domin kada a sa shi ranar kasuwa.

DAGA SANI ZUWA AIKI

Sanin bukata ba shi da amfani sai ya sauya yadda ake aiki. In lissafi ya nuna zazzaɓin cizon sauro yana tsananta daga tsakiyar damina zuwa kaka, sai a tanadi magani da kayan gwaji da jini tun kafin lokacin. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara daga wata 3 zuwa wata 59 maganin rigakafi wata-wata cikin damina a yankunan da zazzaɓin ke bin yanayi, kuma jihohin Arewa da dama sun ɗauki wannan hanya. In gudawa ce ke kwashe yara, sai a koya wa kowace uwa haɗa ruwan gishiri da sukari na fakiti, tare da ƙwayar zinki ta kwana goma zuwa goma sha huɗu, a kuma gyara wurin ɗiban ruwa. In ƙauye ya yi nisa, sai ma'aikata su riƙa kai masa rigakafi da awo a ranar da aka yanke.

Game da haihuwa, akan zauna a bi diddigin kowace mace da ta rasu, domin a gane inda aka makara, kuma ƙa'idar zaman ita ce ba a ɗora wa kowa laifi. Jinkirin iri uku ne: jinkirin yanke shawara a gida, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an iso asibiti. Na farko maganinsa maigida ya ba da izini tun cikin yana ƙarami, ko yana nan ko ba ya nan. Na biyu, a wasu jihohi an haɗa kai da ƙungiyar direbobi su ɗauki mai naƙuda ko da tsakar dare. Na uku kuwa nauyin asibiti ne da hukuma. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa, ta kuma ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin asusun kiwon lafiya matakin farko.

Daga ƙarshe sai a koma a sake aunawa. In bayan shekara yaran da ke faɗawa kan ja ba su ragu ba, to, shirin yana da gyara, komai kyawunsa a takarda.

ABIN DA YA RATAYA A WUYAN JAMA'A

Na ɗaya, a ba malamin kati amsa ta gaskiya, musamman shekaru da wurin zama.

Na biyu, a karɓi ma'aikatan da suka zo gida da tambayoyi bayan sun nuna shaidarsu ta aiki. Ƙidayarsu ba ta da alaƙa da haraji, kuma doka ta wajabta musu riƙe sirrin mara lafiya.

Na uku, a yi rajistar kowace haihuwa da kowace rasuwa, har da jaririn da bai kai ranar suna ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Jaririn da ba a lissafa ba, ba za a nemi dalilin rasuwarsa ba, balle a tsare ƙanensa.

Na huɗu, a adana katin yaro da katin awon ciki kamar yadda ake adana takardar gona, a riƙa tafiya da su duk asibitin da aka je.

Na biyar, duk ciwon da ba a saba gani ba, ko mutuwar da ta zo a jere, ko yaron da ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, mai unguwa ya kai labari asibiti mafi kusa ba tare da jiran wayewar gari ba. Irin wannan sa ido na cikin abubuwan da suka kai nahiyar Afirka ga samun shaidar rabuwa da ƙwayar shan inna ta asali a watan Agusta na 2020.

Na shida, a halarci taron kwamitin mazaɓa, a kuma tabbatar akwai mata a cikinsa, domin su ne ke kwana da mara lafiya.

Wanda ke da tambaya ko koke, ya tuntuɓi shugaban asibitin da ya fi kusa da shi, ko sashen lafiya na ƙaramar hukumarsa. Wanda ya karanta wannan takarda kuma, ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya karatu ba.